Odinater Ta Fi Ni Kunya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Alhaji Ma'azu, baban Hadiza da nake nema, ya zo birommu, wato ofishinmu, a Tawa. Lokacin ma'aikatan gwamnati na ta yajin aiki, ni kuwa na samu shiga wani furoje, wato shirin raya karkara, na bankunan hatsi, sai hura hanci nake. Aikina shi ne shirya fish a odinater, wato takardar rajista da ake cikewa a allon kwamfuta, a zuba sunan manomi da garinsu. Na gwada shi da Ali, Musa, Fati, komai ras.

Alhaji shi ne shugaban manoman wajen Bambeye, kuma bai yarda ina da sana'a ba. Ya taɓa ce wa Hadiza ba ya ba da ɗiyarshi ga mai wunin kallon telbijin. Don haka da na ga ya shigo da tawagarshi, na ce yau zan wanke kaina.

Na durƙusa na gaishe shi, na zauna, na gyara wuyan riga. Na ce da sunanshi za mu fara rajistar. A takardun gwamnati Maazou ake rubuta sunan, amma ni gwani sai na rubuta shi da Hausa tsantsa, har da ɗan waƙafin nan na sama (neman suna, ba komai ba). Ina danna maɓallin ajiyewa, furogiram ɗin ya rufe ɗif.

Na buɗe, na sake. Ya sake mutuwa. Na ce, "Kuran ne ke wasa, Baba, wutar lantarki ce." Duk suka ɗaga kai suka dubi fankar da ke juyawa abinta.

Zufa ta karyo mini. Ashe waƙafin ne ke rikita shi, ni ko ban sani ba. Cikin ruɗewa na shiga buga harafi ɗaya-ɗaya ina faɗa da ƙarfi, "Ma... a... zu. Ma'azu! Haba Ma'azu, shiga mana!"

Kowa ya juyo ya dube ni. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya aikata. Na kira sunan surukina gatsau, a gabanshi, gaban mutanenshi, har da tsawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Alhaji ya gyara rawani, ya dubi allon, ya dube ni. Ya ce, "Yaro, bar wahal da shi. Ƙarfen ga ya san surukuta, shi ya sa ya ƙi riƙe sunana. Kai ne ba ka sani ba."

Dariya har da masu riƙe ciki. Da zai fita ya ce in turo magabatana, wai ko ba komai ina zama da mai tarbiyya, wataƙila in koya.

Tun ranar, duk fish ɗin da na shirya sai na fara gwada shi da sunan surukina. Amma baki rufe.