Ranar da Shanu Suka Ja Tankar Yaƙi

Ba zan taɓa mantawa da bikin abokina Nura ba, kuma ko na so mantawa, mutanen Ikara ba za su bar ni ba.

Lokacin ina neman Bilkisu, malamar asibiti, babbar ƙawar amarya. Magana ba ta kai ga manya ba, amma tana dariya in ina zuba, ni kuwa baki ne jarina. A majalisarmu ni ne masanin kayan yaƙi. Jirgin da ya fi gudu, tankar da bam ba ya fasawa, dalilin faɗuwar jirage, duk a bakina ake ji. (Ban taɓa shiga jirgi ba. Karatun duk na waya ne, data na ƙarewa makaranta ta tashi.)

Sai ga Sani, ɗan kawun ango, ya zo biki daga Kaduna. Sojan sama ne, gyaran jirage yake yi. Ko kaki bai sa ba, amma bayan la'asar, muna ƙofar gida muna jiran a fito da amarya, 'yan majalisata kaf suka koma gefensa kamar ƙudaje sun ga rake. Na daure. Bilkisu ta fito kawo mana zoɓo, ta ajiye, ta ƙi komawa.

"Yaya Sani, wai ba kwa jin tsoro a sama?" in ji ta.

Yaya fa. Ni da na sha sintiri har takalmina ya san layinsu, har ranar "Malam" nake. Wallahi sai na ture kofin zoɓon gefe.

Sani ya ce ai jirgi ya fi mota aminci, don ba ya tashi sai an duba komai, in kuma yanayi bai yi kyau ba sai a haƙura. Ban bari ya rufe baki ba. Na ce tuƙin jirgi ai ba tuƙi ba ne, sama babu rami, babu ɗan acaɓa, babu akuyar da za ta tsallako. Direba shi ne wanda ya bi hanyar ƙauye da damina ya fita lafiya.

Ya yi murmushi ya ce, "Gaskiyarka, Malam." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da aka zo rabon motoci na kafe sai dai a sa amarya a tsohuwar motata. Aka sa ta a baya tare da Gwaggo Asabe, wadda za ta miƙa ta, Bilkisu a gaba kusa da ni. Dandamisa za mu, garin da gidan ango yake, an kuma yi shawara kowa ya bi kwalta saboda an kwana ana ruwa. Muna cikin tafiya na karya kan mota na shiga wata hanyar yanke da ta ratsa fadama, tsakanin gonakin rake. Nufina in riga kowa isa, Bilkisu ta gani da idonta.

"Ɗan nan, ina za ka da mu?" in ji Gwaggo.

Na ce, "Kwantar da hankalinki, Gwaggo. Wannan ba mota ba ce, tankar yaƙi ce."

Ko nisa ba mu yi ba tankar ta zauna. Na taka mai, ta ƙara nutsewa. Na sake takawa da zuciya, taɓo ya yi tsalle ya shigo ta tagar Bilkisu (gilashin ɓangaren ya daɗe da daina tashi) ya wanke mata anko tun daga gyale har zani. Amarya da ke kukan al'ada ta koma kukan gaske. Gwaggo ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu, 'yarta ba za ta taka taɓo da ƙunshi a ƙafa ta shiga gidan miji ba.

Ina waigawa na hango motar Sani tsaye a kan tudu. Ashe da ya ga na kauce ya biyo mu, ya tsaya inda ƙasa ke da ƙarfi. Bilkisu ta cire takalmi, ta goya amarya, ta ratsa taɓo har gwiwa, Gwaggo na biye tana salati. Bilkisu ko kallona ba ta yi ba. Ina ji ina gani Sani ya buɗe mata gidan gaba.

Wani manomi ne ya zo da shanun huɗarsa ya ɗaura mini igiya. Ya kalli motar, ya kalle ni, ya ce, "Ranka ya daɗe, ita ce tankar?" Ashe Gwaggo ta tsaya ta ba shi labari kafin su wuce.

Da damina ta zagayo aka ɗaura auren Sani da Bilkisu. Na je, don kada a ce na ji haushi (na ji). Wajen rabon motoci Gwaggo Asabe ta nuna ni da baki ta ce a ba ni kulolin abinci, kuma in bi kwalta.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni ban tsaya ga hassadar ba, ni na ɗauko takin a motata, da man da na saya, na kai masa har gona. Yanzu in ana gardamar jirage a majalisa, rakena nake sha.