Yadda Rago Ya Riga Ni Zuwa Sunan Ɗana

Jama'a, ranar Laraba aka sauke ni daga mota a tsakiyar daji, aka wuce da ragona. Matata Memuna ce ta je haihuwar fari gidansu a Djougou, Allah ya ba mu namiji. Jajibirin suna na ja rago zuwa Gare, tashar motarmu ta Parakou, na hau bayan kamiyo, wato babbar motar Dalhatu, wani direba ɗan Djougou.

Hanyar kuwa kun san ta. Tun ranar da aka ɗaga sabuwar tuta Mai Girma Sarkin Alkawari ya ce zai shimfiɗa mata kwalta. Allah ya ja zamaninsa, ya ƙaddamar da aikin har almakashi ya dakushe. Kowane rami muka faɗa sai in ce, "Ranka ya daɗe, mun gode!" Mota ta kwashe da dariya. Na taɓo famfon da aka kafa mana a unguwarmu Kpébié, wanda tun zuwansa bai taɓa ɗigar da ruwa ba. Wata tsohuwa, Hajo, har da hawaye don dariya. Aka miƙo mini goro.

To, kaina ya kumbura. Sai na hango hoton 'yan ƙwallon Djougou manne a gaban direba, na ce, "Wannan mai tsaron gidan naku, Awwalu, ai ragarsa ta fi tashar jirgin Parakou karɓar kaya."

Nan take Dalhatu ya taka birki, ya zagayo baya.

"Malam Labaran, me ka ce?"

"Wasa nake, direba."

"Wasa? Ka san rana ce ta shiga idonsa ran nan?"

"Duka ƙwallayen?"

Kaitona da wannan baki! Hajo ta fizge goron daga hannuna, ta ce, "Ɗan nan, ashe ba ka da tarbiyya." Wani dattijo ya rantse Awwalu ya taɓa cafe ƙwallo yana atishawa. Na ce suna zan je, ɗan fari ne, surukaina na jirana. Dalhatu ya ce, "Rago bai zagi kowa ba, shi zai je. Kai sauka."

Wallahi na ji tsoro, na kuma ji kunya. Uban jariri a bakin hanya, babu ko igiyar rago! A rugar wasu makiyaya na kwana, sai da hantsi wata motar auduga ta tausaya mini.

Ina isa na tarar an shafa fatiha, ragona na rataye ana feɗewa. Sunan mahaifina, Idrisu, na ƙudura tun cikin yana wata uku. Na durƙusa gaban surukina na ce, "Baba, wane suna aka raɗa?"

Bai ko dube ni ba. "Dalhatu ya faɗa mana komai. Sunan yaro Awwalu. Sai ka riƙa yi masa ba'a a gidanka mu gani."

Na ce Allah ya raya. Me zan ce?

Abin da ke ci mini rai, mutanen nan ba hanya, ba ruwa, ka zolayi wanda ya hana su, su ba ka goro. Ka taɓa wanda ƙwallo ke bi ta tsakanin ƙafafunsa, su raba ka da sunan ubanka. Shawarata ga Mai Girma, kyauta: kada ya wahalar da kansa da kwalta. Ya sa gajeren wando ya tsaya a raga, ya ga mai sake buɗe baki a ƙasar nan.