Rantsuwar Mutum Shida da Sa Ɗaya

Jiya na yi sammako zuwa taron shari'a na gunduma, wanda ake yi kan tudu duk mako huɗu. Ruwa ya yi mini duka a hanya, ga ƙafa cikin taɓo har ƙwauri. Abin da ya kai ni, san nomana mai farin goshi ne ya ɓata, na gan shi a garken Mai Girma Uban Filaye, Allah ya ƙara masa filaye.

Kun san dokarmu. Ba a tambayar wa ya gani, rantsuwa ake aunawa. Diyyar babban mutum ta ninka ta manomi sau shida, don haka rantsuwarsa ɗaya daidai take da tamu shida. Na roƙi maƙwabta shida su taya ni, mu zama bakwai, mu rinjaye shi. Da gari ya waye, ɗaya daga cikinsu, Tidwald, wanda ke noma a filin Mai Girma, ya aiko cewa cikinsa na murɗa.

Muka rantse mu shida. Mai Girma ya rantse shi kaɗai, ko saukowa daga doki bai yi ba. Aka tashi canjaras.

Ana cikin haka san ya tsinke igiya, ya ratso taro, ya zo yana lasar hannuna. Maƙwabcina Dudda ya ce, "Ranka ya daɗe, ga na bakwai ya iso!"

Wakilin sarki, mai yanke hukunci a taron, ya ce, "Sa ba ya rantsuwa. Amma ƙofar adalci a buɗe take. Ka ɗauki jan ƙarfe daga wuta, ka yi taku tara. In hannun ya warke a kwana uku, sa naka ne."

Na dubi hannun da nake riƙe garma da shi, na ce, "Allah ya ƙara adalci." Shari'a saɓanin hankali. Na dawo gida raina a ɓace, matata Leofrun ta ce, "Ina san?" Na ce ya samu ci gaba, yanzu a gidan manya yake kwana.

Shuka dai ba ta jira. Yau da safe mu shidan nan muka ɗaura igiya a ƙirji muka ja garma. Kafin rana ta take, kunya biyu muka yi, Dudda ya kwanta yana haki.

Ashe mu shida mun kai babban mutum guda, amma ba mu kai sa ɗaya ba.