Allon Harbin Muhandis Maigandi

Allah ya yi maza a unguwarmu, Harra ta Gabas a Madina, amma da ya zo kan Maigandi sai ya ƙara gishiri. Mai walda ne, sai dai kada ka kuskura ka faɗa a gabansa. "Muhandis" ake cewa, wato injiniya. Kakansa, in ji shi, ya harbe zaki bakwai kafin ya taho Madina a ƙafa. Mu kuwa 'yan Harra, da rabonmu da ganin daji tun kakanni, duk wanda ya ce mana ga zaki sai mu gyara zama.

Shekarar da aka fara manyan gine-gine a Yanbu, Muhandis ya ciko wanet ɗinsa, wato motarsa a-kori-kura, da tarkacen ƙarfe daga can: guntun bututu, murfin ganga, faifan ƙarfe mai tsatsa. Ya yi ta ƙwanƙwasa har maƙwabta suka daina barcin rana. Ya yanke faifan ya zama da'ira, ya rataye da sarƙa a ƙafafun bututu, ya shafa farin fenti da jan ɗigo a tsakiya. Matarsa Innayatu ta leƙo ta ce, "Malam, faifan tuya ne?"

"Nishan ne, ya hurma, ke mace! Allon gwada harbi. Ko Bature ya gani sai ya tuɓe hula. Wallahil azim, harsashi bai isa ya yi masa tabo ba!"

Dattawan unguwa suka yi alkawarin kiransa Sarkin Baka in ya nuna gado. Ranar Juma'a bayan la'asar muka ɗunguma bayan gari, cikin baƙaƙen duwatsu, da shayi da dabino. Ya kafa allon, ya ajiye motar can gefe, ya karɓi bindigar farauta da aka aro. Ya riƙe ta kamar mai tallan rake.

"Ya jama'a, ku ja baya. Jinin mafarauta ya motsa."

Ya harba. Tsuntsaye suka tashi. Ya sake, wani dutse ya yi ƙura. Muka yi ta kabbara, don ba mu san inda ake duba ba. Da harsashi ya ƙare, ya taka da ƙasaita zuwa allon, ya shafa fentin da tafin hannu.

"Shufu, ku duba! Ko ƙwarzane babu! Wannan shi ne ƙarfe!"

Muka tafa. A garin makafi ai mai ido ɗaya sarki ne, balle mu da ba a rage mana ko ɗayan ba. Sai tsoho Balarabe, wanda ya je ɗauko butar alwala a mota, ya ɗaga murya: "Muhandis, motarka fitsari take yi."

Lagireto ya huje. Harbi ɗaya ne ya sami ƙarfe a ranar, kuma ga shi nan yana ɗiga.

A ƙafa muka dawo gida, Sarkin Baka a gaba, allonsa sabo fil a ka.