Katin Aurena Mai Shekarar 1980

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan, don har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Amma abin ya ƙi mantuwa.

A 1996 ina aiki a wani ɗan shagon ɗab'i a Kontagora. Iyakar karatuna firamare, amma maigidana ya koya min tsara kati a kwamfuta, har unguwa ta laƙaba min "Injiniya". Da aurena da Hadiza 'yar garin Salka ya matso, na rantse ni zan tsara katin da hannuna, surukai su san 'yarsu ba ta faɗi ba.

Ni mutum ne mai wasiwasi. Sunan mahaifinta sai da na duba sau bakwai. Rana da wata na buga da kaina. Shekara kuwa maigida ya saita injin ya riƙa sakawa da kansa, ni kuma ban taɓa zargin kwamfuta da ƙarya ba. (Ashe ɗan batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu, da an ɗauke wuta sai ta farka a 1980.)

Aka raba kati har Nasko da Zugurma. Ranar ɗaurin aure ina zaune cikin babbar riga, sai kakan amarya, Baba Tanko, ya gyara tabarau ya ɗaga katin sama.

"Kai Injiniya! Ashe shekara goma sha shida da ƙwace min mata, sai yau za ka ba mu goro? Ina 'ya'yan?"

Kowa ya laluba aljihu ya zaro nasa katin. Liman kansa sai da ya rufe baki da gefen rawani. Na saci kallon surukina, ina jiran ya ce a fasa. Shi kuwa cewa ya yi, "A ɗaura dai, Malam, kada ya ƙara makara."

Washegari na bi abokai gida-gida ina karɓe katunan ina ƙonawa. Tun daga ranar, ko kwamfuta ta ce min yau Juma'a, sai na leƙa kalandar bango.

Yanzu shagon ya zama wurin cajin waya, Baba Tanko ya rasu, jikokinmu kuma sun ce Hadiza ƙirƙirar labarin ta yi. Don Allah, in akwai wanda katin nan ya tsira a ƙasan akwatinsa, ya sanar da ni. Wannan karon ba zan ƙona ba.