Farar Motar Da Ba Tamu Ba

Ba zan taɓa mantawa da sunan nan na unguwar Sa'alaba a Jidda ba, kuma kukan butar shayi ne ya ja mini.

Maigidana, Abban Hanan, bakanike ne a Madinar Masana'antu. Da Allah ya hore masa ya canza motarmu da sabon samfurinta, sai ya zaunar da ni yana ba ni tarihi: ta da manyan fitilu gare ta, wannan sirara, injin ya rage shan mai, an cire sandar birkin hannu an sa ɗan maɓalli. Yana cikin bayani buta ta yi kuka a kicin. Na miƙe ina cewa, "Masha Allah, na gane." (Abin da na gane kawai, fara ce kamar waccan.)

Ranar sunan, bayan la'asar, ya kira ni: "Yalla, muna waje ni da yara." Na ja niƙabi, na rungumo kular shinkafa da aka zuba mana. Duk wanda ya san Jidda ya san fararen motocin nan a jere suke kamar ƙwai. Na buɗe ta kusa, na zauna gaba. Direban bai ko waiwayo ba, ya ja mota, don shi ma mai baƙar abaya yake jira.

Na fara zuba: jaririn kamar ubansa sak, naman bai dahu ba, ƙafata na ciwo. Na zo aje kular a tsakaninmu, ta ƙi zama. Na laluba, sai na ji sandar birki a hannuna.

Na ɗago a hankali. Wani dattijo ne mai farin gemu.

"Innalillahi! Malam, tsaya!"

Ya taka birki, kula ta kife. "Baiwar Allah, ina Hajiyata?"

A bayanmu Abban Hanan ne ke ta danna oda, dariya ta hana shi fitowa. Hajiyar kuwa tana bakin ƙofar gidan sunan, ta riƙe haɓa. Na ba ta haƙuri, ta ce, "Halas, ba komai 'yata, kwashe shinkafarki dai."

Tun ranar, in miji na bayani, buta ta yi ta kuka, ba na tashi. A hanyar gida kuwa Hanan, ƙaramar 'yata, ta leƙo ta bayan kujera ta ce, "Umma, kar ki damu. Gobe ni zan riƙe miki hannu."