Kaskon Barkono a Bakin Maƙabarta

Ba zan taɓa mantawa da ranar wunin bikin jikata Bintu ba. Ko tsufa zai kwashe mini komai, na san wannan zai bar mini.

Bintu marainiya ce. Ni na raine ta, ni na riƙo hannunta muka shigo Maiduguri da ƙafa a shekarar da yaran daji suka ƙone garinmu. A Bulumkutu muka samu ɗaki, a nan ta girma, a nan ta ga Modu mai keke napep ta ce shi take so. Addu'ata ɗaya ce, ta shiga gidan da za a riƙe ta kamar 'ya, don in na kwanta dama ba ta da kowa. Uwar Modu, Hajja Yagana, mutuniyar ƙauyen da ke gaba da namu ce, mace mai shiru-shiru. Da a gida ne, uwar ango ba ta zuwa wuni, amma gudun hijira ya cinye mana dangi. Da kanta ta zo, ta zauna a gefen tabarma.

To, ni Allah ya yi ni da baki (wasu ya ba su gona, wasu ya ba su karatu, ni rabona ke nan). Da aka ci aka ƙoshi, sai matan unguwa suka taso ni.

"Kaka, a ba mu na maƙabarta!"

Na ce ranar biki ce, a bar matattu su huta. Na faɗa ne kawai don a ƙara roƙona. Aka kuwa roƙa, na gyara zama.

Tsakanin garinmu da na su Hajja akwai tsohuwar maƙabarta mai duhun itatuwa. Tun kakanninmu ake cewa wani farin rago mai ƙafa uku yana kiwo a ciki, wanda duk ya haɗa ido da shi ba ya ganin damina. Ana cewa da tsakar rana a kan ji ana daka a ƙarƙashin ƙasa. Mu mata dama ba ma shiga maƙabarta, haka muka taso, ko itace muke yi a bakinta muke tsayawa.

Na ba su wannan duka, sannan na zo kan jarumtata. Na ce a watan da aka fara kai hari ƙauyukan gefenmu, na je itace da hantsi, sai na ji kukan jariri daga cikin kaburbura. Na koma na gaya wa maza, suka ce ɗan aljani ne, kada kowa ya kusanci wurin. Ni kuwa na ce ba za a yi mana reno a bakin gari ba. Na ɗebo garwashi a kasko, na zuba busasshen barkono cikin hannu biyu, na ajiye shi inda iska ke kaɗawa ciki. Washegari ma na sake. Na gaya musu yadda kukan ya koma tari, har na kwaikwayi tarin da siririyar murya (Allah ya yafe mini, na iya kwaikwayo). Mata suka yi ta dariya, wata har da riƙe ciki.

"Daga nan shiru," na ce. "Aljanun da suka gagari malamai, tsohuwa ta kore su da kayan miya."

Da na tsaya nan, da an tashi lafiya. Amma daɗin baki ya ɗebe ni, na juya wurin surukata.

"Hajja, ke ma kin san wurin nan. Ba su shaida, kada su ce ƙari na yi."

Ta ɗago kai a hankali. "Ba ki yi ƙari ba, Kaka. Kaskon mai tsagaggen baki ne. Zanenki shuɗi."

Na ce, "A'a, wa ya gaya miki?"

"Muna kallon ki. Muna kwance cikin wani kabari da ya rufta, ni da maigidana da Modu da jaririyata. An ƙone mana gari, nan muka ɓuya, don yaran ma tsoron ragon nan suke, ba sa shiga." Ta gyara mayafi. "Da na hango ki da kasko, cewa na yi da maigidana, ga wata baiwar Allah ta kawo mana abinci."

Wadda ta riƙe ciki ɗazu ta sunkuyar da kai. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na ji bakina yana cewa, "To me ya hana ku kira ni?"

"A lokacin wa ya san wa? Kuma tarin ya ƙi tsayawa, ana jin sa har hanya. Dole muka fita da rana tsaka."

"Kun iso Maiduguri duka?"

"Modu ya iso," in ji ta. "Ni ma na iso."

Ta miƙe, ta sa takalmi, ta fita.

La'asar ta wuce, motocin ɗaukar amarya ba su zo ba. Bintu tana ɗaki da lallenta, tana kuka ƙasa-ƙasa. Da na shiga, abu ɗaya ta ce: "Kaka, da kin bar shi a ragon." Ban tsaya neman ɗankwali mai kyau ba, na bi lungu zuwa gidan su Modu. Na tarar da Hajja a kan dardumar salla, na zube a gabanta, ni da na kusa haifar ta.

"Tashi, Kaka, yara na kallo," ta ce. "Bintu ba ta hura wuta ba. Ki je ki shirya mini 'yata."

Kafin magariba aka ɗauke ta. Har yau Hajja na riƙe da ita hannu biyu, ban taɓa jin ta goranta mata ba. Ni ma in mun haɗu takan rusuna ta gaishe ni da Barbarci, ta ce, "Wushe, Kaka," ta tambayi ciwon ƙafata. Da zagi ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Maganar yafiya dai ban taɓa samun ƙarfin ɗagowa ba, ita ma ba ta kawo ta ba.

Yanzu in na ji kuka, ko daga cikin kabari ne, sai na fara cewa "Wane ne?" kafin in nemi garwashi. Da furfura na koyi wannan, kuma ba ni na biya kuɗin karatun ba.